Sawun Takalmin Soja a Gonata

Tarka, daminar 1924

Kafin ku fara zagina, don Allah ku bari in faɗa muku yadda abin ya faru tun daga tushe. Na san in na gama wasunku za su ce na kyauta, wasu su ce ba ni da kirki ko kaɗan. Ni kaina yau kwana takwas ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tulu in ajiye, daka ma sai in ɗaga taɓarya in manta abin da ke cikin turmin.

Sunana Balki. Mijina Idi yana cikin samarin da Nasara suka ɗiba soja shekara shida da suka wuce, ina da ciki wata biyar. Bai ga abin da na haifa ba. Wani gardi, ɗan sandan Nasara, ne ya zo daga bariki, ya tsaya a ƙofar mai gari ya ce Idi ya rasu a jirgin ruwa, ko fagen yaƙin bai kai ba. Abu biyu ya bar mini: gona a bayan tudu, da ɗiya mace.

Ɗiyar fari ce, kun kuwa san yadda muke. Ba a kiran sunan ɗiyar fari, ba a riƙe hannunta a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Amma ku zan faɗa muku sau ɗaya, ku riƙe: Salamatu. Tana da idon ubanta da taurin kaina, kuma duk duniya ba ni da abin da ya fi ta.

Wan mijina, Ila, yana Gangara, mai raƙuma ne, rabin shekara a ayari yake yin ta. Ba mugu ba ne, kar ku ɗauka haka. Bara ya ji labarin rumbuna ya ƙare tun kafin bazara, har muka yi wata biyu muna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci muna ci, sai ya aiko da saƙo ta bakin wani mai gishiri. Na haddace shi kamar karatu:

"A faɗa wa Balki, gona tamu ce, ɗiya tamu ce. In ta yi aure, mu ɗauki ɗiyarmu yadda aka saba. In bana ma rumbu bai cika ba, mu ɗauki ɗiyarmu. Jinin Idi ba zai girma da anza ba."

Kun ga inda aka ajiye ni. In yi aure in rasa ta, in zauna ba namiji gona ta gagare ni in rasa ta.

Innata kuwa ta riga ta zaɓar mini. Ana saura kwana biyu ruwa ya sauka, na shigo daga rijiya na tarar ta shimfiɗa zane a kan gadon karana. Turkuɗi ne, baƙi wuluk yana ƙyalli, irin wanda ke barin shuni a wuya, ga duwatsun murjani a gefe da goro biyar cikin ganye.

"Taɓa ki ji," in ji ta.

"Na gani daga nan, Inna."

"Attahir ne ya aiko. Karo na uku ke nan. Mutum da garkensa, da rijiyarsa, yana bin ki kamar ke kaɗai ce mace a Damargu."

"In na aure shi, yarinyar fa?"

"Yarinya ta tafi gidan ubanta mana. A kanki aka fara? Ni wa ya bar mini ke? Gwaggonki ce ta goye ki, kin mutu? Ke ko kunya ba ki ji, ɗiyar fari kike wa wannan rawar jiki?"

Kunya kam ina ji. Sai dai kunyar ba ta taɓa tashi cikin zazzaɓi ta laluba ta ji ko ina kusa ba, yadda yarinyar ke yi. Na naɗe turkuɗin na mayar cikin lefensa, na ce a kai masa da godiya. Inna ta yi kwafa, ta ce in jira in ga wanda zai sara mini gona.

To, bari in kawo muku Mailafiya.

Gonarsa ce ke jingine da tawa, 'yan kututturen gamba ne iyakarmu. Wanda ya raɗa masa sunan bai san abin da ke gaba ba. Ya je yaƙin Nasara ya dawo shekara huɗu da suka wuce, hannun hagu ya tsaya a gwiwa. Kullum cikin tsohuwar rigar kaki yake, ya ninke hannun rigar ya soke da ƙayar aduwa, da jar hula da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Sai takalmi. Wasu manyan takalman soja masu ƙusa a ƙasa, waɗanda ko a tsakiyar bazara ba ya cirewa. Salla ma a gida yake yi don kar ya tuɓe su a gaban mutane. Matar da ya bari ta ga hannun, ta yi wata ɗaya ta nemi a sallame ta.

Shekara uku muna gaisawa ta kan iyaka. "Sannu da aiki." "Yauwa, sannu." Iyakar hirar ke nan. Wani lokaci in tarar da 'ya'yan aduwa ko magarya an tara a kan kututture, in san na yarinyar ne. Kar ku tambaye ni yadda aka yi na san yana da wushirya, mutumin da ba ya dariya. Mace tana gani ko ba ta duba ba.

Ran Alhamis bayan la'asar ruwa ya sauka. Da ya ɗauke na tona ƙasa da hannu, laima ta wuce wuyan hannuna. Ruwan shuka ne. Yashinmu kuwa kwana biyu yake riƙe laima, in ka wuce haka sai ka jira wani ruwan, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa.

Shuka aikin mutum biyu ne. Namiji a gaba da sungumi yana saran rami, mace a baya da ƙoƙon iri tana zubawa tana rufewa da diddige. Wanda ke shi kaɗai sai ya sara jere ya dawo ya bi shi da iri, tafiya biyu a aiki ɗaya. Haka na yi bara da bara waccan, shi ya sa rabin gonar kawai nake samu. Gayya kuma ba ta zuwa sai kowa ya gama tasa, lokacin ƙasa ta bushe.

Juma'a tun gari bai gama wayewa ba ina gona, na ɗaure zane a ƙugu, na tamke kai da tsohon kallabi. Har hantsi ya ɗaga jere tara kawai na yi. Na miƙe ina duban abin da ya rage. A can nasa ɓangaren, Mailafiya ya matse ƙotar sungumi a hammata yana ƙoƙarin sara da hannu ɗaya. Ya sara, ta kauce. Ya sake, ta kauce. A na uku ya wurgar da ita, ya tsaya yana huci. Can sai na ga ya nufo iyaka.

"Balki."

"Na'am."

"Ke kina da hannu biyu, ba ki da mai bin bayanki. Ni ina da hannu ɗaya da diddige biyu."

"To?"

"To ki yi gaba, in bi ki."

"Mace a gaba, namiji a baya? Mutane su ce me?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu. "Ina mutanen? Yau ko gobara ta tashi ba mai ɗaga kai daga gonarshi. Tudun nan kuma ya rufe mu."

Na dubi rana tana hawa. Na tuna anza, na tuna saƙon Ila. Na ce, "Da me za ka riƙe ƙoƙon?"

"A wuya za a rataya mini."

Ba igiya a kusa, sai na yagi bakin kallabina, na zura a hujin ƙoƙon. Mutum mai hannu ɗaya ba ya iya ƙulli, dole ni na tsaya a gabansa na ɗaga hannu biyu na ɗaure masa a ƙeya. Warin taba da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ke tashi daga rigarsa. Ya kafa ido a saman kaina, ni na kafa nawa a maɓallin rigar, sai da na yi ƙullin sau uku.

Muka fara. In sara, in taka, in sara. Shi kuma a bayana ya tsinci iri ya jefa, ya danna da diddige. Jim kaɗan sai na ji yana wani abu ƙasa-ƙasa: "An, de! An, de!"

"Wannan kuma wace addu'a ce?"

"Ƙirgar Nasara ce. Da ita suka kai mu har bakin teku. Ɗaga ƙafa, soja, kina ɓata mini layi."

Jama'a, na yi dariya. Har sai da na dafa sungumi. Na manta rabona da irin wannan dariya, kuma da na waiga na ga wushiryar nan a fili.

Da rana ta take muka zauna a inuwar aduwa. Na ga yana ƙoƙarin matse ƙwarya da gwiwa don ya dama fura, sai na karɓa na dama na miƙa masa. Bai karɓa ba. Fuskarsa ta canza.

"Tausayina kike ji?"

"Fura ce fa kawai."

"Ina tambayarki. Tun da na dawo kowa da 'wayyo' yake tarbata. Tsofaffi su ce wayyo, mata su ce wayyo, har wanda na fi ƙarfi ya ce wayyo. Wallahi gara a zage ni. In tausayi ne, faɗa mini yanzu in koma gonata."

"Ba tausayi ba ne."

"To mene ne?"

"Sha furarka, rana tana yi."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya karɓa. Ya sha rabi ya miƙo mini, na shanye sauran.

Yanzu ga laifina, ba zan ɗora wa kowa ba. Da muka koma, duk jeren da na kai iyaka sai in tsaya in juyo, alhali ga tasa gonar nan shimfiɗe ba rami ko ɗaya. A wani jere ƙafata ta ƙi tsayawa. Na bi ta tsakanin kututturen gamba na zarce cikin gonarsa ina sara. Na ji "An, de" ta ɗauke na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Daga nan kowane jere daga ƙarshen tawa yake tashi sai ƙarshen tasa. Kafin magaribar Asabar mun rufe gona biyu, abin da ban taɓa yi ba tun tafiyar Idi.

Ni ɗiyar Damargu, da na tashi cikin mutanen da za su dubi ƙasa su gaya maka raƙumar da ta wuce tana da ciki ko ba ta da shi, ko sau ɗaya ban waiga na dubi abin da muka bari a baya ba. Hankalina yana wani wuri. Kwana biyu ina daka ina "An, de" a zuci, har Inna ta tambaye ni ko aljanu ne.

Ran Talata da hantsi Inna ta shigo da sauri, ko tulun ba ta sauke daidai ba.

"Ila ya zo. Ko gida bai biyo ba, yana gona, shi da mai gari da liman. Ya ce ki zo da yarinyar."

Na ɗaura zanen saƙi, na yafa mayafi, muka hau tudu. Daga sama na ga abin da kowa ya gani. Gero ya tsiro, siri-siri kamar allura, kuma jere ya miƙe kore shar daga gonata, ya ratsa iyaka, ya shige gonar Mailafiya ba yankewa. Ila yana tsugune a tsakiya, rawaninsa ya yi ƙura, raƙuminsa a durƙushe ko sirdi ba a sauke ba.

Na durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Salamatu, zo in gan ki." Ya shafa kanta, ya duba idonta da damtsenta, sannan ya sake ta. Ta dawo ta kama gefen zanena. "Balki, na zo in ga ko an shuka gonar Idi. Na ga an shuka, madalla. Matso ki gani."

Ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Wannan sawun mace ne, ba takalmi, ita ke gaba da sungumi. Naki ne. Wannan kuma diddige ne mai ƙusa bakwai, a kan kowane rami. Na bi jere arba'in na gaji. A garin nan mutum nawa ke taka ƙusa?"

Ya miƙe, ya nuna aduwar da sandar.

"Can gindin aduwa an zauna mutum biyu, gurbin ƙwarya ɗaya ne. Ban ce an yi abin kunya ba, Allah ya tsare bakina. Amma Liman, a garinku wa ke haɗa jere ya mai da gona biyu gandu ɗaya, in ba miji da mata ba, ko waɗanda ke shirin zama?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"In aure ke tafe, ba na hanawa. A faɗa mini yau, in tafi da ɗiyata tun raƙumina bai huce ba."

Yatsun yarinyar suka ƙara damƙe zanena. Ina jin su a cinyata, amma ban isa in sauke hannu in riƙe su ba, ga surukai ga manya.

Sai muka ji takun takalmi. Mailafiya ya gangaro daga tudu, ya yi sallama, ya ba kowa hannu. Bai dube ni ba. Ya zauna a ƙasa a gaban Ila, ya kama igiyar takalmi da hannu da haƙori ya shiga kwancewa. Ya daɗe yana yi, ba wanda ya yi ƙarfin halin taya shi. Ya cire ɗaya, ya cire ɗayan.

Ban taɓa gani ba, ba kuma wanda ya taɓa gani. Ƙafar dama babban yatsa kaɗai ya rage mata. Ta hagu ba ko ɗaya, ta dunƙule, fatar ta yi fari. Sannan ya zare ƙayar nan, hannun rigar ya sauka, ya naɗe shi har kafaɗa.

"Sanyin ƙasar Nasara ya ci waɗannan, harsashi ya ci wannan," in ji shi. "Ila, an ce ka iya duba. To duba da kyau. Wannan ne kake tsoron za ta aura? Matar da na bari ma ba ta iya ba. Zuwa na yi bakin iyaka na roƙe ta don Allah, ta ji tausayin musaki ta sara mini ramuka, ni kuma na rama mata da diddige. Shi ke nan labarin."

Mai gari ya kau da kai. Ila ya ce, "Subhanallahi. Rufe jikinka, bawan Allah." Na ga ya ji nauyi ƙwarai. Amma Ila ɗan kasuwa ne, ba ya tashi sai ya ji daga baki biyu. Ya juyo gare ni.

"Balki, da bakinki nake son ji. Tausayi ne?"

Na san shi ya miƙo mini kalmar da kansa. Na san don wa ya tuɓe takalmin da shekara huɗu ya ƙi tuɓewa. Amma na tuna fuskarsa a gindin aduwa, na kuma san akwai maganar da ko kai ka roƙi a faɗa maka, in ta shiga kunne ba ta fita. Yana zaune kansa a ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Yarinyar kuma tana jan zanena.

"Tausayi ne, Yaya."

"Ba komai a ranki bayan wannan?"

"Ba komai."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na faɗe ta sumul, yadda ni kaina da ina gefe zan yarda.

Liman ya ce alhamdulillahi. Ila ya ce yarinya ta zauna har kaka, a ga abin da rumbu zai ce. Amma a buɗe iyaka yau, kuma kar a sake ganin sawun wannan a gonar wancan, zai dawo bayan noman farko ya duba da kansa. Mailafiya ya ce wannan aikinsa ne. Ya miƙe ba takalmi, ya bi kututturen gamba yana tuge tsiron da muka shuka tare, taku biyu ta nan, taku biyu ta can, tun daga kudu har arewa. Yashi ya riga ya yi zafi, yana ɗingishi, bai tsaya ba. Da ya gama ya rataya takalman a kafaɗa ya hau tudu, bai waigo ba.

Tun ranar ba "sannu da aiki", ba 'ya'yan aduwa. Inna ta sake karɓo turkuɗin Attahir ta ajiye inda zan riƙa gani. Shekaranjiya aka yi ruwa mai yawa, ya wanke sawun nan duka, ciyawa ta taso a gona biyu kamar an kira ta. Tawa zan iya da ita. Tasa kuwa, hauyarmu doguwa ce, a tsaye ake tura ta, kuma ba ta turuwa da hannu ɗaya. In aka bar ta kwana goma ciyawa ta shaƙe geron, ya tashi a banza.

Yau da safe na je dubawa, sai na ga abu a kan kututturen iyaka, an danne da dutse. Yagen kallabina ne. Ya zare shi daga ƙoƙon ta hanyar fasa bakin hujin, ƙullin nan uku da na yi suna nan yadda na bar su. Na juya shi, na sake juyawa. Ban sani ba ko mayar mini da kayana ya yi, ko so yake in ga bai kwance ba. Na cusa shi a ƙugu na dawo gida, tun ɗazu nake taɓawa.

Ɗiyata ga ta can a gindin rumbu tana gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi, tana magana ita kaɗai. Na same ta har kaka, na kuma san abin da na bayar. Ƙasa ta jiƙe, duk inda na taka gobe zai zauna daram har Ila ya zo ya karanta. Na wasa hauya na jingine ta a bakin ƙofa. Da asuba zan ɗauke ta in tafi bayan tudu, in fara daga gabas in turo yamma, kuma wallahi ban san ko ƙafata za ta tsaya a iyaka ba.